Makarantar unguwa: mu ke biya, to wa ke da iko?

Ustaz Haruna (Gadarif): Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, tunda a zauren nan akwai malamai akwai iyaye akwai waɗanda suka zauna a majlis tarbawi, wato kwamitin iyaye da malamai na makaranta, bari in kawo ta. Yanzu duk wata munazzama (ƙungiyar agaji) da ta shigo da aikin ilimi maganarta ɗaya ce, wai a bar makaranta ta tafiyar da kanta, ya'ani mudir (shugaban makaranta) da malamai da iyayen yara su yanke shawara ba sai an jira mahalliya (ƙaramar hukuma) ko wizara (ma'aikatar ilimi) ba, wai haka ne zai gyara karatu. To ni tambayata, mu a nan Sudan ai tun tuni iyaye ke sayen alli, su ke gyaran rufin aji in damina ta wuce, su ke biyan malamai masu taɗawwu'i, wato 'yan sa kai. In har sa hannun iyaye shi ne maganin, me ya sa yaro yake kai aji huɗu bai iya karanta layi ɗaya ba?

Abu Usman: Wa alaikumus salam ya Ustaz. Amsar a fili take. An ɗora mana kaya ne, akalar kuma tana hannun wani. Na daɗe ina riƙe da kuɗin majlis a makarantar unguwarmu, aikinmu tara kuɗi ne kawai, bencin zaman yara ya karye mu, tankin ruwa ya tsage mu, mai gadi mu, fatur (karin kumallo) ɗin malamai ma wani lokaci mu. Amma malamin da ba ya zuwa sai ya ga dama ba mu da bakin magana a kansa, in ka yi magana a ce kai waye. Kuma abin da ya fi ciwo, dokar ƙasa ta 2005 ta ce karatun asas, wato na matakin farko, kyauta ne kuma tilas, to in kun karɓi rusum (kuɗin makaranta) a aiko muku da takarda a ce an hana, in ba ku karɓa ba babu ko alli, kuma wanda ya hana ɗin ba zai aiko da komai ba

Abdallah Mai Wurno: Wallahi haka yake har wajenmu

Baffa Sale: 'Ya'yana Allah ya yi muku albarka. Ni tsohon malami ne, bari in ja ku baya kaɗan. Jama'a su gina makaranta ba sabon abu ba ne a Sudan. Mu'utamar al-Khirrijin, ƙungiyar 'yan boko da aka kafa a 1938, yawo suka yi suna tara taimako suna buɗe makarantun ahliyya, wato na jama'a, tun Turawa na nan. Zamanin shugaba Numairi aka yi ta aun zati, wato taimakon kai da kai, kowane ƙauye ya buga tubalinsa ya ɗaga aji. Amma a duk wannan lokacin abu biyu ba a bar wa jama'a ba, horar da malami da kuma duba aikinsa. Makarantar horar da malamai ta Bakht ar-Ruda da aka buɗe a 1934 ta riƙa fitar da malamai da littattafai, kuma muwajjih, wato mai duba malamai, yana zuwa ya zauna a bayan aji ya saurari hissarka, wato darasinka, daga farko har ƙarshe, ya buɗe littafin shirin darasinka, ya ɗauki littattafan yara ya ga ko kana gyarawa. Abin ya fara lalacewa ne da aka shiga tsarin tarayya, a 1994 aka yi wilayoyi (jihohi) 26, aka jingina makarantun asas ga wilaya da mahalliya. Mahalliyar da ke da kasuwa da haraji ta ɗan iya, wadda ba ta da komai ta zuba wa iyaye ido. Ni a ganina koyarwa sana'a ce, manomi ba zai koya wa malami yadda ake koyar da harafi ba. A dawo da horo a dawo da muwajjih.

Ustaz Haruna (Gadarif): Allah ya ƙara lafiya Baffa. Muwajjih ɗin yanzu kuɗin motar zuwa ma ba shi da shi

Zainabu: Salam, wannan saƙon Innata ne Inna Hajara, ita ke faɗa ina rubutawa. Ta ce a tambayi Abu Usman, ba shi kansa ba, majlis ɗin gaba ɗaya, wa ya zaɓe su? Ta ce ita tana sayar da godogodo a bakin kasuwa da shi take biyan na yaranta da na jikoki, amma ba a taɓa kiranta taro ba, ana yin taron ne bayan isha'i a harabar masallaci inda mace ba za ta je ta zauna ba, washegari sai yaro ya dawo ya ce an ce a kawo kaza. Ta ce ranar da ba ta samu ba aka koro mata yarinya gida a gaban ƙawayenta, yarinyar ta ƙi komawa sai da aka yi ta lallashi. Ta ce in wannan majlis ɗin za a ƙara wa iko to ita ba ta yarda ba

Abu Usman: Gwaggo Allah ya huci zuciyarki. Korar yaro saboda kuɗi ni ban taɓa goyon bayansa ba, kuma muna da sunayen marayu da waɗanda ba su da hali ba a karɓar nasu. Amma ku sani fa ba wanda yake son wannan aikin, a kira taro mutum nawa ke zuwa? Mu ɗin da kuke gani kullum mu ne muka yarda mu bar shagunanmu

Zainabu: Ta ce in an kira a lokacin da mutane za su iya zuwa za su zo

Ustaza Sakina: Jama'a ni mudira ce a makarantar 'yan mata, bari ku ji ta ɓangarenmu don kowa yana ganin mudir shi ne mai iko. Wallahi ba ni da ikon kawo malama ba ni da ikon riƙe ta. Ina zaune za a aiko da takardar canjin wuri a ɗauke min malamar lissafi a tsakiyar shekara, a kawo min ta tarihi alhali ina da biyu. Maganar rashin zuwa kuma a yi adalci, tun kafin yaƙi malamai suke yajin aiki a ƙarshen 2022 saboda albashi ba ya kai mako biyu, daga 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke kuma kowa ya san abin da ya faru, watanni ba albashi, makarantu sun zama masaukin 'yan gudun hijira musamman bayan Madani ta faɗi a Disamba 2023 sannan Sinja a tsakiyar 2024, UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ne ba sa makaranta a lokacin. Malamar da ta koma sayar da shayi don ta ci da yaranta ta yaya zan rubuta mata gargaɗi. Ni ikon da nake nema ba na korar kowa ba ne. Na farko a bar ni in tsara lokacin karatu da kaina, lokacin yankan riɗi rabin ajin manya suna gona, da za a bar mu mu matsa da wasu hissoshi yamma ko mu rama bayan girbi da ba mu rasa su ba. Na biyu a bar ni in zaɓi wadda za ta riƙe aji ɗaya. Yarinya ta taso da Hausa a gida, Larabcinta na wasa ne a titi, ranar farko a fara mata da fusha, Larabcin littafi, malamar kuma ba ta jin ko sannu, yarinyar nan shiru za ta yi shekara guda ana cewa ba ta da ƙwaƙwalwa alhali ba ta gane abin da ake cewa ba ne

Abdallah Mai Wurno: Wannan ta biyun ita ce ta kashe karatun ƙannena su biyu

Dakta Maryam (Kasala): Ustaza kin taɓo inda ya kamata. Wannan fannin na karanta, kuma abin daɗin shi ne an gwada shi a ƙasashe da yawa an auna sakamakon, har a ƙasar Hausa. A Nijar a ƙarshen 2007 an ɗauki makarantu 1,000 a jihohin Tawa da Damagaram, aka yi ƙuri'a aka ba rabinsu kuɗi kai tsaye a hannun kwamitin makaranta da suke kira COGES, kusan dala 200 kowace makaranta, sauran rabin ba a ba su ba don a kwatanta. Iyaye sun tashi tsaye, sun ƙara zuwa taro, sun ƙara sa ido, an yi gyare-gyare, ƙananan yara sun ƙara zama a makaranta. Amma makin jarrabawa bai motsa ba, kuma abin mamaki rashin zuwan malamai ƙaruwa ya yi a makarantun da aka ba kuɗin. Masu binciken suka ce iyayen suna da niyya amma ba su da ƙarfin da malami zai ji maganarsu. A Gambiya kuma aka haɗa kuɗi da horo mai tsawo ga mudir da malamai da wakilan gari, bayan shekara 3 zuwa 4 rashin zuwan yara ya ragu da kashi 21 cikin 100, na malamai da kashi 23, amma a jimla karatun bai ƙaru ba. Da suka rarrabe sai suka ga inda manyan gari masu iya karatu suka kai wajen kashi 45 cikin 100 yara sun amfana, inda ba su kai ba kuwa babu riba, wani wurin ma baya aka ci. To Ustaz Haruna amsar tambayarka kenan a taƙaice, kwamiti yana iya kawo yaro da malami cikin aji, abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofar ajin wani aiki ne daban

Baffa Sale: To 'yata ai maganata kenan

Dakta Maryam (Kasala): Rabinta Baffa, da sauran rabi, ina zuwa

Mamman Jidda: Dakta ni ɗan Damagaram ne asali, ina tuƙi a nan Jidda, yayana ya yi shugaban COGES a ƙauyenmu. Abin da kika faɗa na malamai gaskiya ne kuma na san dalili. Malamin an turo shi daga birni, yana ganin shi ɗan boko ne mai Faransanci, sai ga manomi ya zo da safe yana duba ko ya iso, kuma kuɗin da aka kawo ba a hannunsa yake ba a hannun manoman yake, to sai ya ɗauki fushi, ya tafi karɓar albashi a gari ya yi kwanaki. Amma akwai abu ɗaya da ya yi kyau, mutanen Japan na JICA da suka fara aiki a Tawa a 2004 sun dage sai an zaɓi 'yan kwamiti da ƙuri'ar asiri, ba mai gari ya nuna ƙaninsa ba. Inda aka yi haka mutane sun fi yarda su ba da kuɗinsu da ƙarfinsu. Gwaggo Hajara maganarki ce wannan

Zainabu: Ta ce Allah ya yi maka albarka ɗana, ta ce a ɗaga hannu a gaban mai unguwa ai ba zaɓe ba ne

Mamman Jidda: Amin Gwaggo. A nan Saudiyya kuma wani salo ne, iyaye ba sa riƙe makaranta ko kaɗan, amma komai yana cikin Nizam Noor, manhajar ma'aikatar ilimi, makin yaro da ranar da bai zo ba duk uba yana gani a waya. Sai dai su gwamnati ce ke biyan komai kan lokaci shi ya sa

Sadiku Kano: Salam, na yi karatu a Jami'ar Afirka a Khartum kafin yaƙi ya dawo da mu gida, har yanzu ina zauren nan. Mu ma a Najeriya muna da irin wannan kwamitin makaranta, SBMC, tun wajen 2006 aka amince kowace makaranta ta kafa, da mai unguwa da liman da wakilan mata da tsoffin ɗalibai har da yara biyu. A Kano da Jigawa da Kaduna shirin ESSPIN na Ingila ya horar da su sosai, inda aka yi horon sun yi ƙoƙari wajen dawo da yara musamman mata. Amma da yawa suna ne kawai a takarda, hedimasta ya rubuta sunayen abokansa ranar da aka ce kuɗi na zuwa. Ni abin da na fi yarda da shi na Yuganda ne. An bincika tsakanin 1991 da 1995 aka ga cikin kuɗin da gwamnati ke tura wa makarantu na kowane ɗalibi kashi 13 cikin 100 ne kawai ke isa, sauran yana maƙalewa a ofisoshin gunduma. Sai aka fara buga abin da aka tura a jarida kowane wata kuma aka tilasta makaranta ta manna a allon sanarwa, zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Abu Usman me zai hana ku manna lissafinku a ƙofar makaranta, abin da ya shigo da abin da ya fita?

Abu Usman: Ni ba ni da matsala wallahi, littafina a rubuce yake, yawancin kuɗin ma ta manhajar banki ta Bankak yake shigowa akwai shaida. Amma a manna na mahalliya ma, abin da ta ce ta ware da abin da ya iso, kada a ce mu kaɗai za a tsare. Kuma kafin yaƙi an taɓa kawo tallafin Bankin Duniya kai tsaye ga makarantu, wannan shi ne karon da na ga majlis ya zauna yana shawarar me za a yi da kuɗi ba wa za a tatsa ba, bayan juyin mulkin Oktoba 2021 bankin ya dakatar da kuɗinsa ga gwamnati

Abdallah Mai Wurno: To ni ina ganin a tafi gaba ɗaya kawai, majlis ya ɗauki malami majlis ya kore shi. Tunda mu ke biyan masu taɗawwu'i ai mun riga mun fara. Malamin da ya san iyayen yara za su iya sallamarsa ba zai yi wasa ba

Ustaz Haruna (Gadarif): A nan kam ban yarda ba Abdallah, ko kaɗan. Ka san me zai faru? Ɗan shugaban majlis ya faɗi jarrabawa, malamin ya tafi. Malami ya hana yaron attajiri satar amsa, ya tafi. Sannan ka manta ƙasar da muke ciki, ka tuna rikicin ƙabilanci da ya rutsa da mutanenmu a Damazin da Rusairis a Yuli 2022. In aka ce kowace unguwa ita ke ɗaukar malaminta, Bahaushe mai takardar shaidar karatu ba zai samu aji a unguwar wasu ba, mu ma za mu ce sai namu, yara su tashi ba su taɓa zama gaban malamin wata ƙabila ba. Malamin gwamnati da ake turawa ko'ina, da duk aibinsa, yana cikin 'yan abubuwan da suka rage suna haɗa mutanen ƙasar nan

Baffa Sale: Allah ya yi maka albarka Haruna. Ni na koyar a arewa na koyar a yamma, har yau ɗalibaina na can suna kirana

Abdallah Mai Wurno: Na ji Ustaz, amma kai kana zuwa aji. Wanda ba ya zuwa fa, haka za mu zuba ido har yaran su gama?

Dakta Maryam (Kasala): Ku biyun kowa yana da hujja a abin da aka gwada. A El Salbado a ƙarshen yaƙin basasarsu, daga 1991, an ba ƙungiyoyin iyaye a karkara kuɗi su ɗauki malami da kwangilar shekara guda su sabunta ko su ƙi, shirin EDUCO, makarantu sun yaɗu da sauri inda babu kuma yara sun rage fashi. A yammacin Kenya wajen 2005 aka ba kwamitoci kuɗi su ɗauki ƙarin malami na kwangila, albashinsa wajen rubu'in na malamin gwamnati, ya fi su zuwa aji kuma yaransa sun fi ci. Amma ga tsoron Ustaz Haruna nan ya fito, kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka ɗauka dangin malaman makarantar ne, kuma malaman gwamnati da suka ga an samu ƙarin hannu sai suka ƙara janye jiki. Inda aka koya wa iyaye yadda ake tantance mai neman aiki da yadda ake duba zuwan malamai, ɗaukar dangi ya ragu da wajen rabi. Ni ra'ayina, malamin gwamnati a bar ɗaukarsa da korarsa a sama, amma majlis ya samu hanyar kai ƙara wadda dole a amsa ta cikin lokaci. Masu taɗawwu'i kuwa tunda aljihun iyaye ke biya, a daina ɗaukarsu a ɓoye, a yi sanarwa, mai nema ya koyar da hissa guda a gaban mudira da tsohon malami irin Baffa da iyaye biyu

Ustaza Sakina: Wannan zan iya yi gobe ma ba sai na nemi izinin kowa ba. Kuma a nan ne zan sa sharaɗin jin Hausa ga mai riƙe aji ɗaya

Ustaz Haruna (Gadarif): Tamam, amma a rubuta shi a matsayin jin yaren yaran ajin, don akwai unguwannin da yaran Masalit ne ko Bani Amir, kada a mai da shi namu mu kaɗai

Ustaza Sakina: Haka ne

Sadiku Kano: Dakta kin ce wa Baffa da sauran rabi

Dakta Maryam (Kasala): Eh. Matsalar ita ce yawancin iyaye ba su san yaransu ba su iya karatu ba. Yaro yana tafiya kullum da jaka, yana wucewa aji zuwa aji, yana rera abin da aka haddace, uba ya ɗauka lafiya. Gwajin ƙasa da aka yi a nan Sudan wajen 2015 ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na 'yan aji uku ba sa iya karanta kalmomin da suka saba ji, wannan fa kafin korona da kafin yaƙi. A Indiya, gundumar Jaunpur, an gwada gaya wa mutanen ƙauye haƙƙin kwamitinsu, an yi taruka, babu abin da ya canza. Abin da ya yi aiki shi ne da ƙungiyar Pratham ta horar da matasan ƙauyen na 'yan kwanaki suka riƙa koyar da karatu bayan an tashi makaranta, yaran da suka je sun koyi haruffa da kalmomi. Kuma gwajinsu takarda ɗaya ce, haruffa, kalmomi, 'yan jimloli, sai ɗan labari, ka zauna da yaro shi kaɗai ka ga inda ya tsaya, sai a raba yara bisa inda suka tsaya ba bisa ajinsu ba. To mu muna da abin da Nijar da Gambiya ba su da shi. Can makaranta da Faransanci ko Turanci take, uban da ya yi allo ba ya iya duba littafin ɗansa. Mu nan harafin makaranta shi ne harafin allo. Duk wanda ya yi khalwa, wato makarantar allo, duk matar da ta sauke ko da izu biyar, za ta iya nuna wa yaro harafi ta gane ko ya sani. Mutanenmu da ake lissafawa cikin marasa ilimi da yawansu za su iya wannan gwajin

Zainabu: Inna ta ce ita ta yi allo har Yasin, a ba ta takardar

Baffa Sale: 'Yata wannan magana ce mai nauyi, ban musa ba. Amma ku kiyaye, mai allo zai gane yaro ya furta daidai, ba lalle ya gane yaro ya fahimta ba, kuma littafin makaranta yana rage wasali tun yaro na ƙarami, wanda ya saba da mus'hafi mai cikakken wasali shi kansa zai yi tuntuɓe. Haruffa da kalmomi a bar wa iyaye, labari da tambayar me aka ce a ciki a bar wa malami ko ɗan sakandare. Kuma lissafi fa? Ba wanda ya ambaci lissafi

Dakta Maryam (Kasala): Shi ma akwai irinsa Baffa, gane lamba, ɗebewa mai aro, rabawa. Abu Usman da 'yan kasuwa sun fi kowa iya wannan

Abu Usman: Wannan kam a bar mana

Abdallah Mai Wurno: Matasan da za su koyar da yamma wa zai biya su? Kada a dawo kan Gwaggo Hajara da irinta a ce su kawo

Mamman Jidda: Mu na waje za mu iya ɗaukar wannan in dai lissafin a manne yake kamar yadda Sadiku ya ce. Mutane a nan suna aikawa don gina aji da masallaci kullum, ba wanda ya taɓa ce mana ga kuɗin ihisanin mai koyar da karatu. Ku rubuto abin da ake buƙata na wata uku in kai wa 'yan uwa a Jidda da Makka

Ustaz Haruna (Gadarif): Ina da sharaɗi ɗaya kafin in kai wa abokan aikina. Kada sakamakon nan ya zama bulalar dukan malami. Wanda ke riƙe da aji huɗu yau ya karɓi yaran da suka yi fiye da shekara a gida ba karatu, wasu daga Khartum wasu daga Madani, ajin cike har bakin ƙofa, littafi ɗaya yara da yawa. In aka manna a ƙofa cewa ajin Ustaz wane rabi ba su iya karatu ba, wallahi ba malamin da zai sake buɗe muku ƙofa, abin Nijar ne zai maimaitu

Dakta Maryam (Kasala): Ba sunan malami ba sunan yaro. Adadin makaranta gaba ɗaya, nawa ke matakin harafi nawa ke matakin kalma nawa ke karanta labari, sai a sake bayan wata uku a ga ko sun matsa. Kuma malamai su zauna a wajen gwajin tun farko, su ma su riƙe takardar

Ustaza Sakina: Ni zan fara da aji uku da huɗu. Sai dai Abu Usman majlis ɗinku da namu duk sai an sake zaɓe kafin nan, kuma mata su samu kujeru ba ɗaya ta ado ba, makarantar 'yan mata ce amma majlis ɗina duk maza ne

Abu Usman: A yi zaɓen, in an mayar da ni to in ba a mayar ba littafin yana nan zan miƙa. Amma sai mudir ɗinmu ya yarda, shi ba ya zauren nan

Baffa Sale: Ku bar min shi, ɗalibina ne. Muwajjih dai ban janye ba, ku rubuta wa mahalliya ku nema ko da majlis ne zai biya masa kuɗin mota

Zainabu: Inna ta ce in za a yi zaɓen a yi shi a cikin makaranta ba masallaci ba, ranar Asabar bayan la'asar, da safe duk suna kasuwa. Ta ce kuma a aika wa matan da ke zaune a sansanin 'yan gudun hijira don yaransu ma suna ajin